Farcen Garikoitz

A Elgoibar ruwan sama ba ya sallama.
Da asuba kogin Deba na gunaguni a bayan masana'anta,
ni ina kunna kwamfuta,
Garikoitz na ɓalla maɓallan rigarsa mai tabon mai.

Aikinmu ɗaya: sandar ƙarfe, tsawon kamu guda,
wadda za ta yi shekara ashirin tana juyi a cikin jirgin ruwa.
Dutsen washi ya taɓa ta, tartsatsi ya tashi,
farin ruwa kamar tsala na kwarara a kai don kada ta ƙone.
Ido ya ce madubi ce.
Allura mai bakin lu'ulu'u ta bi bayanta a hankali
ta ce a'a, akwai tudu, akwai kwari,
akwai ramin da silin gashi
sai an tsaga shi gida ɗari biyu kafin ya shige.

Wata bakwai na yi ina koya wa lissafi duba.
Na ba shi saurin dutse, na ba shi zurfin cizo,
girman tsakuwar da ke jikin dutsen,
da ranar da aka yi masa kuɗa ta ƙarshe.
Gwaji ɗari uku da sha ɗaya.
Har ya kai yana faɗin kaushin ƙarfe
tun ƙarfen bai hau inji ba,
allura ta zo daga baya ta sa hannu.
Na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Sai Talata. Sai Alhamis.
Da ƙarfe uku ƙarfe ke soma yi mini gardama.
Lissafi ya ce sulɓi, allura ta zana haƙoran zarto.
Na canja ruwa, na canja dutse,
na zargi na'ura, na zargi kaina,
na kwana biyu da burodi busasshe a gefen allo.

Shi bai ce uffan ba.
Shekara arba'in da ɗaya yana nan,
ba ya yanke farcen babban yatsansa na dama sai rabi.
Yakan ja shi a kan sanda, ya lumshe ido,
ya ce, wannan ta wuce, wannan a mayar.
Sau da yawa yana riga allura.

Ranar wata Alhamis ya ce, Uxue, zo.
Ya ɗora kofin gahawarsa a gadon inji.
Uku saura biyar, gahawa kwance lamo.
Uku ta buga,
sai zobe, sai wani zobe a cikin zoben,
suna tasowa daga tsakiya suna mutuwa a baki.

Ya nuna bango da haɓa.
Maƙerar su Arrieta, ya ce. Gudumar tan biyu.
Talata da Alhamis suke dukan manyan kaya.
Kunne ba ya ji, ƙasa ce ke kawowa.

Na ce, me ya hana ka faɗa tun farko?
Ya ce, kin tambayi injin komai.
Ya shanye gahawar.

Ruwa ba ya tsami banza, na sani tun ina yarinya,
amma ban taɓa leƙa bayan katanga ba.
Daren nan na ƙara layi ɗaya a jadawali,
babu komai a ciki sai sifili ko ɗaya:
guduma na barci, guduma ta farka.
Layin na bukatar suna. Na rubuta nasa.

Da bazara ya ajiye aiki.
An ce yana noman barkono a tudun Mendaro,
an ce ya yanke farcen.
Lissafi na cin gaskiya yanzu, sau casa'in da shida a ɗari.
Sauran huɗun ban san mazauninsu ba.

Kullum kafin in sauke allura
nakan duba ko babu mai kallo,
in ja farcena a kan sanda, in rufe ido.
Sanyi kawai nake ji.
Jiya dai kamar wani abu ya ɗan kama ni,
kusa da ƙarshen hagu.